Babi na Bakwai: Kilina, Reza da Ruwan Allo

A makarantun firamare na Dutse da garuruwan da ke kewaye da ita, Kiyawa ce ko Jahun ko Birnin Kudu, in aka zazzage jakar ɗan aji huɗu da wuya a rasa rabin reza a ciki. Aikinta na fili fiƙe fensir. Tana kuma da wani aikin da malamai ba su cika so ba. Idan yaro ya yi kuskure da biro, sai ya karkata littafin, ya kwantar da bakin rezar a kan kalmar, ya riƙa kankara a hankali yana hure garin takardar da baki. Mai sanyin hannu yakan fitar da kalmar ya bar wurin ya yi ɗan gashi-gashi, in ya sake rubutu a kai tawadar ta ɗan baje. Mai garaje kuwa huda shafin yake yi, har rubutun da ke bayansa ya leƙo. Akwai kuma masu lakato yawu su murza da yatsa, kuskuren harafi ɗaya ya koma baƙin tabo mai faɗin kwabo.

Da za a tambayi yaron nan ma'anar kalmar Ingilishi “erase”, watakila kilinar da ke gindin fensirinsa zai nuna. Amma rezar ta fi kusa da asalin kalmar. Daga Latin ta fito, daga wani aikatau mai nufin a kankare abu a fitar da shi, kuma daga wannan tushen ne Turawa suka samo “razor”, wadda bakin Bahaushe ya mayar reza. Ita “erase” ta shiga Ingilishi wajajen shekarar 1600, tana ɗauke da tarihin zamanin da marubutan Turai ke rubutu a kan gyararriyar fatar tumaki da ta maruƙa. Hotunan da aka zana na irin waɗannan marubuta sukan nuna su da alƙalami a hannun dama, wuƙa a hagu. Da wuƙar ake fere alƙalamin, da ita ake danne fatar kada ta nannaɗe, da ita kuma ake kankare kuskure.

Fata tsada gare ta, don haka wani lokaci littafi guda ake kankarewa a sake rubuta wani a kai. A shekarar 1229 wani malamin coci ya kammala littafin addu'o'i a kan irin waɗannan tsofaffin fatu. Abin da ke ƙarƙashin addu'o'in kuwa kwafi ne na ayyukan Archimedes, shahararren masanin lissafin Girka, wanda aka rubuta tun ƙarni na 10. A 1998 aka yi gwanjon littafin a birnin New York a kan dala miliyan 2, daga nan masana a Baltimore suka haska shi da na'urori, suka karanto rubutun da aka ɗauka ya tafi ke nan shekara ɗari bakwai da ɗoriya. Wuƙa ta ci saman fatar, amma tawadar ta riga ta shige ciki.

A Ingilishin yau ma'anar kalmar tana da sharaɗi biyu: abin da aka yi rubutun a kai ya saura, rubutun kuma ya tafi gaba ɗaya. Wanda ya yage shafi ya jefar bai cika na farko ba. Wanda ya ja layi a kan kalma bai cika na biyu ba, domin ana iya karanta ta. Wannan sokewa ya yi, kuma Bature zai ce “cross out”. Kalmar ba ta da wuyar sarrafawa: “erase”, “erased”, “erasing”. Galibi ba ta tsayawa ita kaɗai, sai an faɗi abin da aka goge, misali “Erase the last word.” Mutanen Ingila da sautin z suke ƙarasa ta, na Amurka da sautin s, kuma a hirar yau da kullum Ba'ingile ya fi cewa “rub out”.

Inda ɗalibin Bahaushe yake tuntuɓe shi ne wajen fassara “goge”. Hausa da wannan kalma ɗaya take goge allo, ta goge tebur, ta goge takalmi, ta goge riga da dutsen guga, har ta ce wane ya goge a harkar kasuwa. Yaro kuwa tun a aji ɗaya ya ji malam yana cewa “Clean the board”, sai ya riƙe cewa duk wata gogewa “clean” ce. Malamin bai yi kuskure ba, haka ake faɗa a Ingila, ko da yake Ba'amurke “erase the board” zai ce. Sai dai “clean” datti take kawarwa, shi kuwa kuskuren fensir ba datti ba ne. Daga wannan ruɗanin ne aka haifi “cleaner” ta Ingilishin Najeriya, wadda ta zama kilina. A Landan wanda ya shiga kanti ya nemi “cleaner” ruwan wanke bayi za a miƙo masa, ko a zaci mai sharar ofis yake cigiya. “Rubber” suke ce mata. A Amurka kuma “eraser” ce, kuma gara baƙo ya kiyaye, domin a bakin matasansu “rubber” kwaroron roba take nufi. Kilina dai ta riga ta zama Hausa, babu dalilin da zai sa a zane yaro a kanta. A takardar insha'i ta WAEC ne ya kamata ya tuna da “eraser”.

Ita kanta robar ba ta daɗe ba in aka kwatanta da fensir. Tun ƙarni na 16 aka gano ma'adinin garafayit a Borrowdale da ke arewacin Ingila, aka fara rubutu da shi, amma kusan shekara ɗari biyu da tsakiyar burodi ake goge shi. A 1770 ne wani maƙerin kayan kimiyya a Landan, Edward Nairne, ya fara sayar da 'yan guntayen danƙon wata bishiyar Kudancin Amurka don wannan aiki, masanin kimiyya Joseph Priestley kuma ya yaba da shi a rubuce a shekarar. Danƙon yakan narke da zafi ya yi ɗoyi, sai da Charles Goodyear ya gano dafa shi da farar wuta a 1839 sannan ya zama abin dogaro. A 1858 wani mutumin Philadelphia, Hymen Lipman, ya yi rajistar dabarar haɗa roba da fensir wuri guda. Kotun Ƙolin Amurka ta soke rajistar a 1875, ta ce haɗa abubuwa biyu da kowa ya sani ba ƙirƙira ba ce.

Dalilin da ya sa fensir ke goguwa biro ba ya goguwa mai sauƙi ne. Garafayit ɗan'uwan gawayi ne, a saman zaruruwan takarda yake kwanciya. Roba ta fi takarda kama shi, in aka murza sai ta kwashe shi ta dunƙule, ta zube a matsayin 'yan ɓurɓushin nan da ake kaɗewa. Tawadar biro kuwa cikin zaruruwan take shiga ta rina su. Ba yadda za a yi a raba su sai an cire takardar da kanta. Kilinar nan mai launi biyu, ja da shuɗi, da yara ke rantsuwa cewa shuɗin na biro ne, ɗan gari mai kaushi aka cuɗa a ɓangaren. Aikin reza yake yi, a hankali.

Wannan bambanci ba sabo ba ne ga alarammomin ƙasar Dutse. Tun kafin a ga fensir a nan, tsangaya ta san tawada iri biyu. Akwai zuge, wadda ake yi da gawayin itace, galibi na aduwa, a haɗa da ƙaro da ruwa. Ita ce ta allo, domin gawayin bisa itacen yake zama, ƙaron ne kawai ke riƙe shi, da ruwa ya taɓa sai ya saki. Akwai kuma yambari, wadda ake jiƙa 'ya'yan bagaruwa da kashin maƙera a samu. Sinadarin bagaruwa da ƙarfe in suka haɗu sukan ba da tawadar da ke cizon takarda, tana daɗewa tana ƙara duhu. Da ita ake rubuta Alƙur'ani da littattafan da ake so jikoki su gada. Marubutan Turai ma irin wannan haɗin suka yi amfani da shi ɗaruruwan shekaru, sai dai su da wani ƙullutu da ke fitowa a jikin wata bishiyarsu suke yi a madadin bagaruwa. Malamin da ya zauna zai yi rubutu, tun kafin ya tsoma alƙalami ya riga ya yanke shawarar ko wannan rubutun na wankewa ne ko na ajiyewa.

Wankin allo kuwa yana da ƙa'ida. Almajiri ba ya wankewa don ya gaji da ganin rubutun. Sai ya zo gaban malam ya durƙusa, ya biya karatunsa, malam ya saurara ya tabbatar ya zauna, sannan ya ce, “Je ka wanke.” In bai zauna ba a ce ya koma ya ƙara maimaitawa, ko da tsararrakinsa sun wuce shi. Wanda aka ba izini sai ya nufi inda ake wanki, galibi wani lungu ne da aka keɓe, da dutse ko ɗan rami. Ya tsaida allon, ya zuba ruwa daga buta, ya bi layukan da tafin hannu, baƙin ruwa na gangarowa ta ƙasan allon. Ba a barin wannan ruwa ya bi kwata, ba a kuma taka shi, domin ayoyi ne suka narke a ciki. Daga nan ya jingine allon a rana ya sha iska. In ƙarami ne, gardi ko malam ya rubuta masa na gaba. In ya kai munzali ya rubuta da kansa.

A makarantar boko yawan gogewa alamar yawan kuskure ne. A tsangaya yawan wanki alamar yaro na ja ne, har iyaye kan tambaya ko ya wanke. Kalmar “erase” ba za ta iya ɗaukar wannan ba, domin a cikinta akwai ƙanshin cewa abin da aka goge ba a bukatarsa. Wanda zai bayyana wa Bature abin da ake yi a tsangaya, “wash” ya kamata ya ce, ya kuma ƙara bayani. Haka abin yake ga rubutun sha, inda ake rubuta ayoyi a wanke a cikin kwano don a sha; malamai sun yi saɓani a kan hukuncinsa, amma kowa ya yarda ruwan wankin shi ne abin da aka je nema. Allo ɗaya ne ba a kai shi wurin wanki: allon zayyana na ranar sauka, wanda ake rataye shi a ɗaki.

Wurin da yawancin ɗaliban Jigawa ke fara cin karo da kalmar a rubuce, kuma da gaske, shi ne zauren jarrabawa. Takardar tambayoyin canki-canka ta WAEC da ta NECO tana umartar ɗalibi ya cike gurbin amsa da fensir HB, in kuma ya sauya ra'ayi ya goge ta farkon sarai. Umarnin ba na ado ba ne. Na'ura ce ke duba takardar, ita kuwa duhu kawai take aunawa. Wanda ya goge rabi da rabi ya cike wani gurbin, tana iya ɗauka amsa biyu ya bayar, makin ya salwanta alhali ya san amsar. Kilina mai arha da ta bushe a rana, mai jan baƙi maimakon ɗauke shi, tana iya jawo wa yaro wannan asarar. Hukumar JAMB dai ta raba gardama tun 2015, lokacin da ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. A cibiyoyinta na Dutse yanzu ko fensir bai da aikin cike gurbi, balle kilina.

Da mutum ya bar makaranta ya shiga ofis sai hukuncin ya juye. Abin da aka yi ta roƙon sa ya yi a jarrabawa, a nan laifi ne. Tsofaffin akawuna da suka yi aiki a sakatariyar Dutse bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991 sun san zamanin tafireta, lokacin da harafi ɗaya kan sa a sake buga shafi guda. Farin ruwan nan na Tipp-Ex, na wani kamfanin Jamus da aka kafa a 1959, shi ya zame musu mafita. Takwaransa na Amurka wata sakatariyar banki ce a Dallas, Bette Nesmith Graham, ta fara haɗa shi a ɗakin girkinta, ta fara sayarwa a 1956, daga baya ta sayar da kamfanin ga Gillette a 1979 a kan dala miliyan 47.5. Amma farin ruwa rufewa yake yi. In aka ɗaga takardar a hasken taga, abin da ke ƙasa yana nan.

Shi ya sa duk inda rubutu ya zama hujja, ba a son ganin sa. Banki kan mayar da cekin da aka taɓa alƙalumansa. Takardar haihuwa ko ta shaidar fili da aka ga wurin kankara a jikinta, ko da gaskiya aka gyara, ta riga ta jawo wa mai ita zargi. Bayan zaɓen 2023, da hukumar INEC ta riƙa ɗora hotunan takardun sakamakon rumfuna a shafinta na IReV, mutane sun yi ta buɗa su a waya suna neman inda aka shafa fari ko aka ɗora lamba a kan lamba, kuma hotunan irin waɗannan daga sassa daban-daban na ƙasar sun yi yawo sosai. Ƙa'idar masu riƙe littafin kuɗi tsohuwa ce: a ja layi ɗaya siriri a kan kuskuren yadda za a iya karanta shi, a rubuta daidai a sama, a sa hannu a gefe. Mai kantin da ke bin bashi a kasuwar Shuwarin ma haka yake yi ba tare da an koya masa ba. In an biya shi sokewa yake yi a gaban mai biya, ba ya gogewa, don gudun ranar da za a ce ba a yi ba.

Akwai ma tawadar da aka ƙera musamman don ta gagari mai gogewa, wadda ake shafa wa mai zaɓe a gindin farce. Indiya tun 1962 take amfani da irinta, daga wani kamfani na birnin Mysore. Tana ɗauke da wani sinadarin azurfa da ke kama fata ya yi baƙi in haske ya taɓa shi, sabulu ba ya fitar da shi, sai fatar ta saɓe ko farcen ya tsiro an yanke. Iyaye mata a ƙauyukan Jigawa sun san 'yar'uwarta, wadda ma'aikatan rigakafin shan-inna ke shafa wa yaro a ƙaramin yatsan hagu, su kuma yi lambobi da alli a ƙofar zaure. Na allin ruwan farko ke tafiya da shi. Turawa kan kira irin waccan tawada “indelible”, wato wadda ba ta sharuwa.

Sai waya da kwamfuta, inda kalma biyu ke gogayya. “Delete” ita ce ta kullum: a cire saƙo, a cire hoto, a cire lamba. “Erase” ta fi nauyi, ita ake gani in za a share waya kaf a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Bambancin ba na lafazi kaɗai ba ne. In aka danna “delete”, galibi na'urar ba ta taɓa bayanin ba tukuna. Kamar mai gidan haya ne da ya cire sunan ɗan haya daga littafinsa ya ce ɗaki babu kowa, alhali kayan suna ciki har sai sabon ɗan haya ya zo. Saboda haka ne masu gyaran waya kan iya dawo da hotunan da aka cire daga katin memori, kuma saboda haka ne wanda zai sayar da wayarsa ya kamata ya zare katin, ya yi mata sharar gaba ɗaya kafin ya miƙa.

WhatsApp ya kawo damar janye saƙo daga wayar kowa a 2017, amma yakan bar shaidar cewa an janye, wanda ya riga ya ɗauki hoton fuskar wayarsa kuma ya riga ya ɗauka. Magana zarar bunu ce, ko ta baki ko ta yatsa. Doka dai ta fara shigowa: Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ba mutum ikon neman kamfani ko hukuma su share bayanansa in babu wani halattaccen dalilin ci gaba da riƙe su, kuma kalmar da ta yi amfani da ita “erasure” ce, sunan da aka ciro daga wannan aikatau.

Mai karanta jaridun Ingilishi zai riƙa haɗuwa da kalmar a inda babu takarda ko allo. Za a ce mutum ya kasa fitar da wani abu daga zuciyarsa, “He could not erase it from his memory.” Mai sharhin ƙwallo zai ce ƙungiya ta farke ƙwallo biyu da ake bin ta da wannan kalmar, masanin tattalin arziki ya ce hauhawar farashi ta cinye ƙarin albashi da ita. Duka ma'anar ɗaya ce, abu ya tafi tamkar ba a yi shi ba. Amma ba a goge tebur ko gumi da ita, wannan “wipe” ne. Tabon manja a riga “remove” ake yi masa. Bashi kuma an fi cewa “cancel” ko “write off”, kamar dala biliyan 18 da ƙungiyar Paris Club ta yafe wa Najeriya a 2005. Abin da rana da ruwa ke ci a hankali, irin zanen shanun da mutanen dā suka yi a Dutsen Habude da Dutsen Mesa na Birnin Kudu, waɗanda gwamnati ta sa cikin kayan tarihin ƙasa, an fi cewa yana “fade”, wato yana dusashewa. Har yau ana iya ganin shanun, wasunsu marasa tozo, irin da ba a kiwo a yankin yanzu.

Saboda haka, mai karatu, kafin ka kai hannu kan kuskure ka duba da me aka rubuta shi, kuma wa zai karanta. In fensir ne a takardar jarrabawa, ka sayi kilina mai laushi, ka gwada ta a gida, ka goge har wurin ya yi fari. In biro ne a fom ɗin banki ko na neman aiki, ka ajiye reza da farin ruwa, ka ja layi ɗaya ka sa hannu, ko ka roƙi a ba ka sabon fom.